Hutu A Tsakiyar Kwara: Yadda Gungawan Yauri Ke Shaƙatawa

Mutumin Hardawa ta Jihar Bauchi, ko na Azare, ko na wani gari daga cikin garuruwan ƙasar Katagum, ba ya bukatar kowa ya gaya masa lokacin hutu. Idan aka yanke gero aka ɗaure dammuna, dawa ta shiga rumbu, aka roro wake aka cire gyaɗa, to ya san wuya ta wuce. Daga nan sai bukukuwan aure, sai dambe da kokawa a bakin kasuwa, sai zaman dara a gindin itace, wanda kuma yake da sauran ƙarfi a jika ya ɗauki sandarsa ya tafi cin rani. Kogunan da ya sani, irin su na Jama'are da na Misau, baƙi ne masu zuwa da damina. Rani na tsanantawa sai su janye su bar yashi, har yaro ya ƙetare da ƙafa.

In aka ce wa irin wannan mutum akwai waɗansu 'yan'uwansa a cikin Arewacin ƙasar nan waɗanda ruwa ya kewaye su gabas da yamma, kudu da arewa, shekara tana zagayowa suna cikinsa, ba sa zuwa kasuwa ko biki ko ta'aziyya sai a jirgi, zai yi tsammani labarin wata ƙasa ake ba shi a bayan teku. Alhali kuwa ba a bar Nijeriya ba. Su ne Gungawa na ƙasar Yauri, cikin Jihar Kebbi, mazauna tsibiran Kogin Kwara. Abin da ya kamata mai karatu ya tambaya shi ne, mutumin da duniyarsa duka ba ta fi a zagaye ta da ƙafa tsakanin la'asar da magariba ba, ina yake zuwa in ya gaji? Da me yake ɗebe kewa? Kuma me ya sami wasanninsa sa'ad da ruwan da ya raine shi ya tashi ya cinye ƙasarsa?

Hanyar Zuwa

Tafiyar ba ƙarama ba ce. Wanda ya taso daga ƙasar Katagum sai ya bi ta Kano, daga can ko dai ya gangara ta Zariya da Kwantagora, ko kuwa ya zaga ta Gusau da Sakkwato ya biyo ta Jega da Koko, kafin ya sauka Yelwa, inda fadar Sarkin Yauri take. Yelwa na bakin kogi ne ta gefen gabas. Baƙo na isa matsayar jirage zai san ya shigo wata duniya: ƙamshin bandar kifi, buhunan albasa jibge, taru da birgi an shanya, jiragen katako manya da ƙanana a jere kamar shanu a mashaya, 'yan fito suna kiran sunayen ƙauyuka kamar yadda 'yan kamasho ke yi a tashar mota.

A bakin mutanen wannan ƙasa, tsibiri shi ne gungu, daga nan ne kuma sunan Gungawa ya samo asali, watau mutanen gungu. Hausawa ne suka raɗa musu shi. Su kansu Bareshe suke kiran kansu, harshensu kuwa Tsureshe. Ba su kaɗai ke zaune a wannan ruwa ba, akwai Lopawa da Shangawa, akwai Kambari a tudu, akwai kuma Sarkawa, masuntan nan masu jin Hausa da suka gangaro daga ƙasar Kabi. Amma in ana maganar zaman tsibiri a Yauri, Gungawa ake fara tunawa.

Zaman nasu ba na jiya ba ne. Yauri tsohuwar daula ce, tana cikin waɗanda masu tarihin Bayajida ke lissafawa a Banza Bakwai. Ta gaban waɗannan tsibirai jirgin Baturen nan Mungo Park ya wuce kafin ya halaka a duwatsun ruwa na Busa wajen 1806. A 1830 kuma Richard Lander da ƙanensa John suka sauka Yauri suna cigiyar takardunsa, suka ga tsibiran cike da mutane da gonaki. Dalilin zaman kuwa a fili yake. A zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi, ruwa ya fi kowace ganuwa, domin doki ba ya ƙetare Kwara. Har sarautar Yauri kanta, da rikici ya yi tsanani a ƙarni na 19, ta taɓa fakewa a tsibirin Ikum kafin a kafa fada a Yelwa a 1888.

Kogi Mai Cika Biyu

Ba za a gane hutun Bagunge ba sai an fara gane aikinsa, aikinsa kuwa ruwa ne ke yanka masa lokaci. Kwara a wannan yanki cika biyu take yi a shekara. Ta farko tana zuwa da damina, wajen watan Agusta zuwa Oktoba, ruwan saman ƙasashen kusa ne da Gulbin Kabi da sauran rafuka ke kwasowa, ga shi gurɓatacce fari-fari saboda laka, shi ya sa ake ce masa farin ruwa. Ta biyu ita ce abin mamaki ga baƙo. Ruwan da aka yi a duwatsun ƙasar Gini yakan yi watanni yana tafiya, ya bazu cikin manyan fadamun ƙasar Mali, lakarsa ta kwanta a can, sa'an nan ya iso Yauri da tsakiyar hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, garau da shi. Wannan shi ne baƙin ruwa. Ga sama ba ko ɗigon hadari, ga ƙura ta rufe gari, amma kogi na ta hauhawa.

Wannan cika ta biyu ita ce arzikin Gungawa. Da damina suna noman gero da dawa da shinkafa kamar kowa. Da rani kuwa, lokacin da manomin tudu ya jingine fartanya, su sai su koma gefen ruwa su yi fangali su dasa albasa, baƙin ruwa ya kawo musu kogi har bakin gona, suna ɗiba da ƙwarya suna watsawa. Albasar Yauri ta yi suna tun kafin zuwan mota, ana lodinta a jirgi ana gangarawa da ita kudu. Amma albasa ba ta san uzuri ba. Kwana biyu ba ban ruwa, aikin wata guda ya lalace. Saboda haka a cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi za a ga magidanci da 'ya'yansa tsaye cikin ruwa tun da jijjifi, suna sunkuyawa suna miƙewa har rana ta yi tsaka.

Ke nan abin da mutumin Hardawa ke kira rani, lokacin miƙe ƙafa, shi ne lokacin da Bagunge ya fi kowa ɗawainiya. Ba shi da dogon hutu na wata uku a jere, kuma bai cika tafiya cin rani ba, domin raninsa na nan a ƙofar gida. Hutunsa guntu-guntu ne, yana tsintarsa kamar yadda ake tsintar ƙwaya: yammacin yau, daren farin wata, ranar kasuwa, 'yan makonnin da ke tsakanin girbi da dashe, da kuma bazara bayan an cire albasa an sayar, kuɗi sun shigo hannu, ruwan sama bai sauka ba tukuna. Wanda hutunsa kaɗan ne ba ya wasa da shi. Watakila shi ya sa wasannin tsibiri suka fi na tudu zafi.

Makarantar Bakin Ruwa

Wasan farko na ɗan tsibiri shi ne iyo. Ba a sa masa ranar koyo, ba a ɗaukar masa malami. Uwa na wanki a bakin gaɓa, shi yana fantsama a gefenta, yayyensa na janye shi zuwa zurfi kaɗan-kaɗan, kafin ya iya ƙirga goma ya iya ninƙaya. Da la'asar in rana ta yi sanyi, sai ka ga yara tsirara-tsirara sun yi dandazo a kan tudun yashi, wannan ya yi alkafura ya faɗa, wancan ya nutse ya ɓulla can nesa. Sukan yi gasar wanda zai fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa, ko a jefa wani abu a ce wa zai riga ɗaukowa. Waɗanda suka ɗan tasa kuma su saci jirgin uba su yi tsere, wani lokaci su kifar da shi da gangan don su gwada wanda zai iya juyo da shi ya kwashe ruwan ya sake hawa.

Baƙo zai ce wasa ne kawai, wasan ne kuma. Amma a ƙasar da ake zuwa ko'ina a jirgi, wannan wasa shi ne makarantar da ke raba mai rai da gawa. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Yaron da ya kifar da jirgi sau ɗari don nishaɗi, ran da iska ta kifar da shi da gaske ba zai ruɗe ba. A cikin wasan ne yake sanin inda ruwa ke juyawa, da inda dutse ya ɓuya, da launin da kogi ke yi in hadari na tafe, da gurbin da dorina ke kwana. 'Yan mata ma ba a bar su a baya ba, domin mace a tsibiri tana tuƙa jirginta ta kai kaya kasuwa ba ta jiran kowa.

Kokawa

In akwai abu guda da Gungawa suka shahara da shi bayan albasa, to kokawa ce. A ƙasar Yauri duka an san su da ita. Wani masanin al'adu Ba'amurke mai suna Frank Salamone, wanda ya zauna a Yauri a farkon shekarun 1970, har maƙala guda ya rubuta a kan kokawar Gungawa, inda ya nuna cewa tana daga cikin alamomin da suke bambanta kansu da maƙwabtansu da su.

Kokawar iri biyu ce. Akwai ta cikin gida, wadda samarin ƙauye ɗaya ke yi tsakaninsu a dandali, ƙanana su fara, manya su rufe, a nan ake gane wanda ƙashinsa ya yi ƙwari. Akwai kuma babba, wadda wani gungu ke gayyatar wani. Ita ce ake jira. Ran da za a yi ta, tun da hantsi za a hango jirage sun ɓullo daga bayan wani tsibiri, makaɗa na zaune a tsakiya suna ta dukan ganga, sautin na tafiya a kan ruwa yana riga jirgin isowa. Masu masauki su fito bakin gaɓa tarye. A dafa abinci da yawa, domin abin kunya ne baƙo ya zo kokawa ya koma da yunwa, ko da kuwa shi ya ka da gwanin gari.

Fili kuwa ba a rasa shi, yashin kogi ya isa shimfiɗa. A yi da'ira, dattawa a gaba, mata da 'yan mata a gefe guda suna guɗa. Ɗan kokawa ya fito da ɗamararsa da layunsa, ya zaga fili yana taƙama, makaɗi na zuga shi da sunan ubansa da na kakansa, har wani daga ɗaya ɓangaren ya ji ba zai iya haƙuri ba ya miƙe. Hannun da ya shekara yana tuƙi da ɗaga ƙwaryar ruwa ba hannun wasa ba ne. In suka sarƙe sai ka ji fili ya yi tsit, ba ka jin kome sai numfashinsu da ƙarar yashi. Kaye ɗaya, wuri ya ɓarke da sowa, a ɗauki gwani a kafaɗa.

Amfanin wannan taro ya wuce kaye. Tsibiri ƙaramin wuri ne, kusan kowa ɗan'uwan kowa ne, saurayi kuwa dole ya nemi mata a wani wuri. A wajen kokawa ne ake ganin juna. A nan uba ke duba wanda zai iya riƙe masa 'ya, a nan budurwa ke nuna wanda ranta ya kwanta da shi, ko da da shafa masa gumi ne da gefen mayafi. A nan kuma dattawan gungu biyu da suka yi saɓani a kan wurin su ko gonar bakin ruwa ke samun dalilin zama a tabarma ɗaya. Ƙarfin da zai iya zama faɗa da makami sai a sauke shi a kan yashi, kowa ya koma jirginsa ana dariya. Da ba don irin wannan haɗuwa ba, da kowane gungu ya zama kurkuku ga mutanensa.

Dare Da Ranar Kasuwa

In dare ya yi, tsibiri yakan ƙara ƙanƙancewa. Ba inda za a je, sai a taru. Tsofaffi mata su tara jikoki su yi musu tatsuniya, galibin tatsuniyoyin kuwa ba sa rasa kada ko dorina ko ayu ko mutanen ɓoye da aka ce suna da gari a ƙarƙashin ruwa. Maza su zauna kusa da wutar banda, hannu na ɗinkin taru, baki na hira. A nan ake ba da labarin giwan ruwan da ya tsinke mamari shekara kaza, kowace shekara kuma kifin yana ƙara girma a bakin mai ba da labari. In wata ya yi fari, 'yan mata su fita gaɗa, tafinsu na ƙetare ruwa, na wancan gungu su ji su amsa da nasu. Ba waya, ba wasiƙa, amma kowane tsibiri ya san abin da maƙwabcinsa ke ciki.

Babban yawon shaƙatawa na mako kuwa shi ne ranar kasuwa. Abin da ɗan birni ke nema in ya tafi hutu wata ƙasa, watau ganin sababbin fuskoki da cin abin da bai saba ci ba, shi Bagunge ke samu a kasuwar Yelwa da sauran kasuwannin bakin ruwa. Tun da asuba ake yin wanka a sa tufafin kirki, a loda albasa da bandar tarwaɗa da kurungu da karfasa, a kama hanya. A kasuwa a sayar, a sayi gishiri da manja da atamfa, a ci tsire, a sha fura, a ji labarin duniya, a gai da 'yar da aka aurar a wani gungu. Ana la'asar sai a yi haramar komawa, domin mai hankali ba ya bari dare ya same shi a tsakiyar Kwara.

Da yake yawancin Gungawa sun daɗe da karɓar Musulunci, Salla ƙarama da babba sun zama manyan ranakun shekara. Bayan an sauko Idi an gaisa, masu hali sukan ƙetara Yelwa kallon hawan Sarki. Ga mutumin da bai mallaki doki ba, ba shi ma da inda zai sukwane shi, ganin dawaki da kwalliya abin kallo ne, kamar dai yadda tseren jirage yake ga mahayin doki.

Daga Farautar Dorina Zuwa Rigata

Mafi girman abin da Gungawa ke nuna bajinta da shi a dā shi ne farautar dorina. Wannan dabba, duk da kamanninta na lalaci, tana iya shiga gonar shinkafa ta share ta a dare ɗaya, tana kuma iya raba jirgi biyu da haƙoranta. In ta addabi jama'a sai mazaje su haɗa jirage su fita da zago da masu, makaɗa na biye, mutanen gari na kallo daga gaɓa. Aiki ne na sai da rai, amma kuma biki ne, domin wanda ya fara soka zago sunansa ya shiga bakin mawaƙa ke nan. Waɗannan jirage da waɗannan mazaje su ne kuma rundunar ruwa ta Sarkin Yauri in yaƙi ya taso.

Da Turawa suka zo suka hana yaƙi, suka kuma sa wa farautar dorina takunkumi, sai abin ya juye ya zama nuni. Aka ci gaba da fita da jirage ana tsere, ana kwaikwayon yadda ake kai wa dorina hari, don girmama babban baƙo ko wani biki na alfarma. Daga kalmar Turanci ta tseren jirage aka sami sunan da ake kiransa da shi yau, watau Rigata. A zamanin Sarkin Yauri Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya hau gadon sarauta a 1999, an farfaɗo da bikin, ana yinsa da rani a bakin ruwan Yelwa, gwamnatin jiha na sa hannu. Ana tseren jirage da na iyo da nutso, ga kaɗe-kaɗe da raye-raye. Yauri na fatan Rigata ta yi mata abin da bikin kamun kifi ya yi wa Argungu, wanda aka faro a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Dorina kuwa ba ta zama tatsuniya ba tukuna. A 2024 wata ta kashe mutum a Yauri, masunta suka fita suka yi ta fakonta har suka kashe ta, aka raba naman, gari ya yi ta murna kamar an dawo zamanin kakanni.

Shekarar Da Ruwa Bai Koma Ba

Duk wanda ya ga cikar kogi ya san za ta janye. Amma akwai cikar da ta zo ba ta koma ba. A 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji domin samar wa ƙasa wutar lantarki, aka toshe kogin a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969. Ruwa ya taru a bayanta ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya miƙo har Yelwa. Tsohon garin Busa ya nutse. Babban tsibirin Foge ya nutse, tare da ƙananan gungu masu yawa. Mutum wajen 44,000 aka tayar, Gungawa kuwa suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Ba za a ce gwamnatin lokacin ba ta yi kome ba. An ƙirga gidaje da rumbuna da itatuwa, an gina sababbin ƙauyuka na bulo da siminti a tudu, an raba filayen noma. Wutar Kainji kuma ta haskaka birane da masana'antu, ƙasa duka ta amfana. Amma akwai abin da ba ya shiga takardar ma'aikacin ƙidaya. Ba a rubuta tudun yashin da ake kokawa a kai ba. Ba a rubuta mashigin da yara ke koyon iyo ba, ko tazarar da ke tsakanin gungu biyu wadda ganga ke iya ƙetarewa. An biya diyyar ɗaki, ba a biya ta dandali ba, domin ba wanda ya san kuɗinsa.

Tsarin shekara ma ya rikice. Tafkin yana hawa yana sauka da kamar mita 10 a shekara, bisa ga bukatar injinan lantarki, ba bisa ga bukatar albasa ba. Ruwan da dā yake zuwa bakin fangali sai ya zama yana gudu yana barin gona a baya da nisa, ƙwarya ta kāsa, sai mai injin ban ruwa. Waɗansu suka koma su gaba ɗaya, waɗansu suka zama manoman tudu sosai. Da aiki ya canza lokaci, sai hutu ma ya canza. Kuma da ruwa ya daina raba su da maƙwabta, sai cuɗanya ta ƙaru, auratayya ta yawaita, Hausa ta shiga ɗakin uwa. Salamone ya lura tun a wancan lokaci yadda Gungawa da yawa ke rikiɗa suna zama Yaurawa masu jin Hausa. Yau akwai ƙauyukan da ke amsa sunan gungu alhali a kan tudu suke, akwai kuma jikokin Bareshe da ba sa iya gaisuwa da Tsureshe.

Abin Da Ya Rage

Duk da haka ba a rasa masu zaman tsibiri ba. A inda tafkin ya ƙare, kogi ya koma kamanninsa, har yanzu akwai gungu da mutane a kai, cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Yauri ma akwai wadda ake kira Gungun Sarki. Sai dai yamma ta canza kama. Saurayin da kakansa ya yi suna a kokawa, shi ƙwallon ƙafa yake bugawa a kan yashin, da dare kuma ya biya kuɗi ya shiga rumfar da ake kunna janareta ya kalli ƙungiyoyin Ingila da Sifen. Tatsuniya na gasa da finafinan Kano a cikin wayar hannu. Jirgin inji ya rage nisan kasuwa, ya kuma rage ƙarfin damtse.

Ba laifi ba ne zamani ya zo, ba kuma wanda zai ce a hana ɗan tsibiri abin da ɗan birni ke mora. Amma akwai hasarar da ta wuce ta nishaɗi. Ran 26 ga watan Mayu 2021, wani jirgin katako da ya taso daga ɓangaren Jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a kusa da Warra cikin ƙaramar hukumar Ngaski, waɗanda aka ceto da rai ba su fi ashirin da 'yan kai ba. Lodin da ya wuce kima, da tsufan jirage, da rashin rigunan ceto, da kututturan itatuwan da tafkin ya shanye suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, su ne ke jawo irin wannan masifa. Yawancin masu hawa jirage a yau ba su yi makarantar bakin ruwa ba. Tafki mai faɗi kuma, in iska ta taso, ko gwanin iyo sai Allah ya kiyaye.

Saboda haka in hukuma na son Rigata ta zama abin alfahari, kada a tsaya ga rumfunan manyan baƙi da jawabai na yini biyu. Gwanayen da ake tafa wa a ranar biki ba a ranar suka koya ba, a gungu suka koya, da la'asar, shekara da shekaru. Ya kamata a mai da kokawar gungu da gungu cikin tsarin bikin, a sa wa makarantun bakin ruwa gasar iyo da tuƙi, a ɗauki muryoyin tsofaffi da tatsuniyoyinsu da Tsureshe tun suna da rai. A kuma tilasta wa masu fito ƙa'idar lodi da rigar ceto a kowace ranar kasuwa, ba sai ranar da gwamna zai zo ba.

Shi kuwa mutumin Hardawa, in Allah ya hore masa guzuri bayan kaka, hanya kuma ta yi lafiya, ya gwada zuwa Yelwa da hunturu. Ya tsaya a bakin gaɓa ya ga kogi na cika ba tare da hadari ba. Ya nemi jirgin da ba a cika masa lodi ba, ya sa rigar ceto, ya ƙetara wani gungu kafin la'asar, ya zauna a kan yashi ya kalli yara suna faɗawa ruwa. In ya yi sa'a ya ji ganga na tasowa daga bayan wani tsibiri, to kada ya yi gaggawar komawa, baƙi ne ke tafe, kuma za a yi kokawa.